Na Je Kwatano Nema wa Kakanni Wurin Zama

Masana tarihi sun ƙarar da tawada mai yawa wajen bayyana abin da ke rusa al'umma. Wasu sun ce yunwa, wasu sun ce zalunci, wasu sun ɗora laifin a kan mutanen da suka riga suka mutu, tunda su ba sa ɗaukaka ƙara. Ni kuwa, bayan shekarun da na kwashe ina koyar da tarihi a sakandare, da tafiyar da na yi har bakin teku, na gano duk sun yi kuskure. Abin da ke rusa al'umma shi ne gurbi guda a cikin fom, wanda ba ya cin suna fiye da ɗaya.

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya. "Malam, yaya Kwatano? Da gaske ne mota a can ta fi akuya araha?" Na amsa har muryata ta dushe, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Garinmu Tudun Marke, ƙauye ne tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Tun da masu bindiga suka matsa mana muka watse, wasu Ƙanƙara, wasu Faskari, wasu har Sabuwa. Sai mu 'yan malaman makaranta muka buɗe wiki, wato irin shafin intanet ɗin nan da kowa ke iya gyarawa, muka ce kowane ƙauye a yankin a ba shi shafinsa, ko da mutanensa sun tashi kada sunansa ya tashi. Don kada aikin ya gagari mutane aka sa masa fom: sunan gari, ranar kasuwa, abin da ake nomawa, wanda ya kafa garin. Ka cika, ka danna, shafi ya fito tsaf.

A wannan gurbi na ƙarshe aka samu matsala. Kawu Barau, yayan mahaifiyata, ya ce kakansa Tanko Maharbi ne ya kafa Tudun Marke. Gidansu maharba ne, kuma ba su daɗe da shiga sahu ba, don har gobe idan ransa ya ɓaci da aradu yake fara rantsuwa kafin ya tuna ya yi istigfari. Surukina kuwa, wanda ba zan kama sunansa ba ko a rubuce, sai dai in ce Alhaji, ya ce kakansa Malam Jatau ne, wanda ya haƙa rijiyar farko. Shekara da shekaru gonakinsu na jingine da juna, kowa na faɗin nasa, ba wanda ya taɓa ɓata rai, domin magana iska ce, tana da wurin kowa. Fom ne ya zo ya ce sai dai ɗaya. 'Yar Kawu ta sa Tanko da safe, ɗan Alhaji ya goge ya sa Jatau da la'asar. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na rubuta sunayen biyu a jere. Na'ura, da yake ba ta da dangi, ta ɗauka mutum ɗaya ne, ta buɗe masa shafi: Tanko Maharbi Malam Jatau. Ranar ce tsofaffin biyu suka daina zama tabarma ɗaya.

Ni ke riƙe da mabuɗin shafin, don haka kowa ni yake kallo. Kawu ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ɗaga haɓa. Mai ɗakina kuwa, rannan tana ajiye mini kwano, sai ta ce: "Malam, ka dai riƙa tuna jinin wa ke tuƙa maka tuwon nan."

Ana cikin haka aka yi shelar taro a Kwatano, inda masu rubuta manhajar wikin za su zauna da masu amfani da ita, kowa ya kawo kukansa. Na aika da nawa, suka ce in zo.

Motar da na shiga daga Ƙanƙara an ƙera ta ne don mutum biyar, amma direban bai samu labari ba. Muka jira motoci suka taru aka tafi a ayari, kamar fataken da. Kusa da ni aka cusa Iya Dije, wata tsohuwa 'yar garinmu da aure ya kai Sabuwa tun ban san kaina ba, ta zo ta'aziyya za ta koma. Da ƙullin daddawa a cinyarta, shi ya sa kafin mu fita gari kowa ya san sana'arta. Wajen Ruwan Godiya motar ta yi tsit, kowa ido a daji, baki na motsi. Sai da muka hango rumfunan Sheme aka dawo da numfashi, kuma Bahaushe in ya tsira sai ya nemi gardama. Direba ya tambaye ni ina na nufa, na ba shi labari.

"Ai wannan ba abin zuwa Kwatano ba ne," in ji shi. "Mai rijiya ya kafa gari. Wuri ba ruwa ai zango ne, Malam."

Wani mai buhun barkono a baya ya ce, "To wa ya kori kurayen har ya samu sukunin haƙa? Ko da tasbaha ya kore su?"

Suka kaure. Iya Dije ta bari sai da suka gaji, ta tofar da goro ta taga, ta ce, "Hm. Maharbi da malami. To su biyun, wa ke dafa masu abinci?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. A Funtuwa da za mu rabu ta kwance ƙullinta ta danƙa mini daddawa cike da hannu biyu. "Riƙe, ɗan nan. An ce mutanen bakin ruwa ba su san miya ba."

Daga Funtuwa zuwa Legas ba ni da abin faɗa mai yawa, don rabin hanyar barci na yi, rabin kuma wani mai maganin basir ya yi mana wa'azi a tsaye. Na lura dai da cewa duk kudu da muka ƙara, itatuwa na ƙara tsawo, gaisuwa na ƙara gajarta. A Legas na yi wa wani sallama in tambaye shi tasha, kafin in kai ga tambayar iyali ya tsallaka titi.

A iyaka aka buɗe jakata. Jami'in ya ɗago daddawar da yatsa biyu, ya shinshina, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa. Na ga alamar ana shirin ba ta matsayin da ba ta taɓa samu ba a tarihinta. Faransancina kuwa bai wuce gaisuwa ba, ita ma ta safe. Allah ya taimake ni na biyun mutumin arewacin ƙasar ne, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya yi dariya ya ce wa ɗan'uwansa abin miya ne, sannan ya juyo ya tambaye ni me zan je yi. Na yi niyyar in ce taro in yi shiru, amma malamin makaranta ba ya iya amsa gajeriya. Ya saurara har ƙarshe, layi na tsawo a bayana.

"Maharbi ne," ya ce, ya buga hatimi da ƙarfi kamar da shi aka yanke hukuncin. "Ko'ina maharbi ne. Ka gaya wa surukinka."

Na ce masa to. Da ya san yadda ake gaya wa suruki magana a wurinmu, da ya ba ni takardar zama ƙasar.

Kwatano gari ne na babura. Mu ma muna da su, amma nasu 'yan acaɓa duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, ka hango su a mahaɗa kamar gonar da ta yi fure. Mata na tuƙa nasu, da jaka a kafaɗa, ba mai waiwaye. Fetur a kwalba a bakin hanya, wannan bai ba ni mamaki ba, na ma ji kamar na gamu da ɗan gida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da rana ta take sai a rufe wurare da yawa a tafi hutawa, ba kunya. Mu a wurinmu ma ana barcin, amma a bakin aiki ake yi, kuma ana musantawa.

An sauke mu a gidan wata mata mai jiki, kowa na ce mata Maman. Ina shiga ta kawo ruwa a kofi, ta fara kurɓa sannan ta miƙo mini. Na tsaya ina kallon kofin. Wani baƙon da na tarar a falo ya ce da Hausa, "Sha, Malam. Nuna maka take ba guba." Wannan shi ne Malam Isufu, mutumin Maraɗi, mai rubuta manhaja, wanda ya zama bakina da kunnena har na baro garin. Da ya ji daga inda nake sai ya gyara zama.

"A'a, ashe ɗan gadin gida ne. Mu ne Katsinawan asali, ku mun bar maku ajiya ne."

Na ce, "Ajiyar da aka bari a guje ai kyauta ce."

Daga nan muka ƙulla.

Abincin gidan wani farin tuwon masara ne mai tsami, a naɗe cikin ganye, da kifi, da barkonon da ya sa na tuna zunubaina ɗaya bayan ɗaya. Da safe kuma burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri kamar ta. Kashegari Maman ta biyo wari har ƙofar ɗakina tana magana da ƙarfi. Na ce shi ke nan, daddawa ta ja mini kora. Ashe murna take. Su ma suna da ita, da wani suna, kuma ta ce tata ba ta kai wannan ba. Na ba ta duka. Tun daga ranar kifina ya fi na kowa girma, Isufu na ta ƙorafin an yi wa Maraɗi rashin adalci.

Wurin taron ɗaki ne mai sanyi, kowa da kwamfuta a gabansa da suna a ƙirji. Suna kuwa tsirara. Na ji da kunnena wata budurwa ta kira wani dattijo mai farin gemu da sunan yanka, ya kuma amsa yana murmushi. Ni dai na karɓi alƙalami na ƙara Malam a gaban nawa, don in mutum bai girmama kansa a baƙon wuri ba, ba wanda ya san ana yi.

Aka shiga kawo kuka. Wani daga Gana ya ce in layi ya yanke yana tsakiyar cika fom, duk abin da ya rubuta sai ya bi iska. Na ji kamar in rungume shi, don a Faskari sai ka hau tudu kake samun layi, kuma tudun ma yana da ranakun hutu. Wata ta ce don gyaran kalma ɗaya sai an buɗe fom gaba ɗaya. Da aka zo kaina na miƙe na fara daga farko, wato daga yadda Hausawa suka zauna a yankin. Ban kai ga haihuwar Tanko ba wani ya ɗaga jan kati, wai lokacina ya ƙare. Ni da nake korar ɗalibai daga aji! Isufu ya taƙaita jawabina cikin numfashi biyu, abin da har yanzu ban gama yafe masa ba.

Wadda ta karɓi kukana ita ce Madam Senami, 'yar ƙasar, mai gilashi, mai magana kaɗan. Ta ce abu ne mai sauƙi: za ta yi wa manhajar ƙari, a sa maɓalli a ƙarƙashin gurbin, wanda in an danna sai wani gurbin ya buɗe. Kafin shayina ya huce ta yi. Na danna, gurbi ya haihu. Muka sa masa suna da Hausa, "Ƙara wani".

Na ce da saura. Kowane suna sai an yi masa ɗan gurbi a gefe, na "in ji wa".

"Littafin da aka samo?" ta tambaya ta bakin Isufu.

Na ce littattafan namu suna da rai, ɗaya ma ba ya amsa gaisuwata. A wurinmu in ka ce wane ne ya kafa gari, ka ja daga. In ka ce wane ne, in ji wane, hira kake yi, kowa na iya kawo tasa. Ta cire gilashi ta dube ni, ta ce a garin kakarta ma akwai gida biyu da ba sa cin abinci tare saboda irin wannan, ita dai ba ta taɓa tunanin abin na shiga fom ba. Ta ƙara gurbin.

Sai babbar tambaya: wa zai hau sama? Ta ce a bi haruffa. Na lissafa na ga Jatau zai riga Tanko, na ce a'a. Ta ce a bi wanda aka fara shigarwa. Na ce wannan shi ne yaƙin da na gudo. Ta ce a jera su gefe da gefe. Na ce wani zai faɗa hagu. Ta ce wani abu da Faransanci wanda Isufu ya ƙi fassarawa.

Isufu ne ya fitar da mu. "Malam, in kun yi watanda, an kasa nama, wa ke zaɓen kashi?"

"Ba mai zaɓe. Ƙuri'a ake jefawa."

"To?"

Aka bayyana wa Madam watanda: a haɗu a sayi sa, a yanka, a kasa daidai, kowa ya kawo ɗan tsinkensa, wanda bai san na kowa ba ya ɗora a kan kashi. Ba wanda ke fushi da tsinke. Ta ce na'ura za ta iya jefa ƙuri'a duk lokacin da aka buɗe shafin. Dattijon nan mai farin gemu ya ƙi, ya ce shafin ilimi bai kamata ya riƙa sauya fuska kamar hawainiya ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka ce a bar shi zaɓi, mai mabuɗin shafi ya kunna in yana so.

Gwajin farko ya kusa kashe ni. Ƙuri'ar ta juya sunayen, amma ta bar masu faɗa a inda suke. Na duba allo na ga an rubuta: Malam Jatau, in ji Barau. Na ce, "Madam, in wannan ya isa Ƙanƙara, ki nema mini aikin gadi a nan." Ta yi dariya har da buga tebur, karo na farko da na ga haƙoranta, ta ɗaure kowane suna da mai faɗarsa. Kafin a tashi taro an kuma biya wa mutumin Gana bukatarsa: fom ya koyi riƙe abin da aka rubuta ko layi ya gudu. Na dawo da wannan ma a matsayin tsaraba, ban da atamfar mai ɗakina.

Da na iso gida sai wata matsalar: ba wanda zai je gidan wani. Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar masallacin unguwa bayan sallar Juma'a, na aika wa kowa cewa ɗayan ba lallai ya zo ba. Suka zo. Kawu ya zauna a wannan baki, Alhaji a wancan, tsakaninsu filin da za a iya shanya gero. Ni ba na iya matsawa kusa da suruki, don haka na durƙusa na miƙa wa Kawu wayar. Ya kai ta nesa da ido, ya karanta da ajamin da ya koya da girma haɗe da bokon yaƙi da jahilci.

"Tanko Maharbi, in ji Barau. Madalla. Mi ne wannan a ƙasa?"

"Na Alhaji ne, Kawu. Ja allon ƙasa ka saki."

Ya ja. Jatau ya hau sama.

"Aradu an yi magudi! Astagfirullah."

Alhaji, wanda tun da ya zauna yake kallon gabas, ya ce wa iska, "A gaya wa mai wayar ya karkato ta, wasu ma na da idanu." Kawu bai karkato ba. Alhaji ya matso kaɗan. Aka sake ja, Tanko ya dawo. Alhaji ya ƙara matsowa, ya ce yatsan maharba ba abin yarda ba ne, a ba shi ya ja da kansa. Kafin la'asar kafaɗunsu na gugar juna, wannan ya ce "Sake!", wancan ya ce "Ai ka gani!"

Washegari suka dawo, wai don su tabbatar na'urar ba ta karɓi cin hanci cikin dare ba. Alhaji ya zo da goro, ya ɓare, ya ajiye rabi a kan tabarma bai ce na wane ne ba, rabin kuma ya ɓace. Ina daga nesa na ji gardamar ta sauka daga kan kakanni ta koma kan rijiyar, ko ta rufta, da marken da garin ya samo suna, ko yana nan. Na ji Kawu na cewa in hanya ta lafa kafin damina ya kamata a je a duba gonaki, Alhaji ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan, amma ba da yatsan maharbi za a auna iyaka ba. Da yamma na gai da Kawu ya amsa har da tambayar gajiyar tafiya. Tuwon gidana ma ya ƙara laushi. Wasu ƙauyukan a Faskari da Sabuwa sun aiko a kunna musu ƙuri'ar, ashe ciwon ba namu kaɗai ba ne. Na rubuta wa Madam Senami cewa abin da ta ƙera ya yi abin da hakimai suka kasa.

Makon jiya na buɗe shafin na ga suna uku. Wata malamar firamare a Sabuwa ta danna "Ƙara wani" a madadin mahaifiyarta. An rubuta: Tabawa Mai Daddawa, in ji Dije jikarta. A ƙasa an yi bayani cewa tana gindin marken tana dafa kalwa maharbin ya biyo ƙamshi, malamin kuma ita ta nuna masa inda ƙasa ke da damshi, kuma dukansu a bukkarta suka ci tuwon farko.

Shekaranjiya da hantsi na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Na leƙa na ga Kawu da Alhaji a bayan ɗan acaɓa ɗaya, Alhaji ya riƙe kafaɗar Kawu kada ya faɗi. Sun zo ne in cire maɓallin.